Rasuwar Malam Yeke-Yeke a Tsakiyar Takardar Inna Ummuhani

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, da idon da bai bushe ba tun ranar Talata, Malama Hanifa, mai shagon buga takardu da ke bayan layin 'yan atamfa a Kasuwar Kilomita Biyar, tana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan ciniki, har da waɗanda ba su cancanci a sanar da su ba, rasuwar amininta kuma abokin aikinta Malam Yeke-Yeke, tsohon sikana mai shimfiɗaɗɗen gilashi da murfi. Ya cika ranar Talata da hantsi yana bakin aikinsa, bayan shekara goma yana ɗaukar hoton takardun mutanen unguwar nan yana zuba su a kwamfuta, ba tare da ya taɓa yaga ko kusurwar takarda ɗaya ba.

Masu gulma na cewa tsufa ne. Ƙarya suke yi. Yayanta Yahuza ne ya kashe shi, kuma za a zo wurin.

Marigayin ya iso Bangui a bayan babbar mota daga Kamaru, a cikin kwali, tsakanin buhunan albasa, shi ya sa har shekararsa ta biyu in aka ɗaga murfinsa sai idon mutum ya ɗan yi yaji. Mahaifin Hanifa, marigayi Alhaji Sharafaddeen, shi ya zaɓe shi a rumfar wani dillali, a lokacin da tashin hankali ya fara lafawa, kowa ya gane cewa mutumin da takardarsa ɗaya ce tilo, ashana guda ta isa ta mai da shi baƙo a garin da aka haife shi. Alhaji bai tambayi sauri ba, bai tambayi launi ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Abin nan, da haƙori yake taɓa takarda ko da ido?" Aka ce da ido kawai. Ya ce a ɗaure masa.

'Yan kasuwa ne suka raɗa masa suna, domin yeke-yeke da Sango, harshen garin nan, na nufin sannu-sannu, kuma gaskiya ne, marigayin bai taɓa sanin gaggawa ba. In aka danna maɓallinsa sai ya yi tari sau biyu, kat, kat, kamar dattijon da zai fara wa'azi. Sannan ya ja dogon nishi, zuuuu, wani farin haske ya taso daga kansa ya gangara har ƙafarsa a natse, yana karanta kowane layi kamar wasiƙar masoyi. In ya gama sai ya ce tik, sau ɗaya, ba ƙari. Hanifa ta girma cikin wannan kiɗa. Ta sha cewa in da za a tsaga ƙirjinta, kat-kat-zuuuu za a ji, ba bugun zuciya ba. Mutum na iya shan shayi kofi guda kafin shafi ɗaya ya fito, amma in ya fito, ko ɗigon tawadar da magatakarda ya zubar shekara arba'in da suka wuce yana nan a wurinsa.

Wanda bai san takardar Kilomita Biyar ba ba zai san girman wannan rashi ba. Takardarmu ba irin ta ofis ba ce, miƙaƙƙiya fara fat. An ninke ta gida takwas. An liƙe kowane ninki da salatif, salatif ɗin ya tsufa an ƙara masa wani a kai. Tana cikin leda, ledar tana cikin wata leda, wannan kuma tana cikin lalita ko cikin ɗankwali ko can inda ba a faɗa. Ta yi gudu tare da mai ita. Ta kwana a masallaci, ta sha ruwan sama, ta sha gumi. Kuma mai ita ba ya miƙa ta. Wannan shi ne abin da marigayin ya fahimta, masu digiri ba su fahimta ba: dattijo ko dattijuwa za su zo, su kwance ledojinsu da kansu, su shimfiɗa takardar a kan gilashi da hannunsu, su rufe murfin, sannan su ɗora tafin hannu a kai, ba za su ɗaga ba sai sun ji tik. Ba wanda ya koya musu. Haka kawai abin ya zama al'ada, har fentin murfin ya goge, ya bar sawun tafin hannu ɗaya wanda ba na kowa ba ne, na unguwa ne gaba ɗaya.

Ana cikin wannan zaman lafiya Yahuza ya je Duwala, can Kamaru.

Yahuza mutum ne mai son sabon abu fiye da yadda yake son amfaninsa. Rabin shagon nasa ne ta hanyar gado, ko da yake rabin aikin bai taɓa zama nasa ba. Ya dawo wata biyu da suka wuce da ƙaton kwali mai hoton wata mata tana murmushi a wani ofis da ko ƙuda bai taɓa shiga ba. Ya buɗe a tsakiyar shago, ya fito da wani baƙin abu mai baki a sama da baki a ƙasa, mai fitilu shuɗaye suna ƙyafta ido kamar ɗan iska a bakin hanya.

"Shafi arba'in a minti ɗaya!" in ji shi, yana shafa abin. "Ki zuba ta sama, ya zubo ta ƙasa. Ke Hanifa, mun shiga zamani."

"Yaya, tun da aka buɗe shagon nan wa ya taɓa kawo mana shafi arba'in?"

"Za su kawo."

"Ka gwada shi da takarda mai salatif kafin ka ɗauko?"

"Mai shagon da kansa ya ce min irinsa ake amfani da shi a bankuna."

"To bankin ina ne a nan, Yaya? Layin 'yan atamfa?"

Daga baya aka gano yadda aka yi zaɓen. An jera masa sikana huɗu, ya ƙirga fitilunsu, ya ɗauki wanda ya fi yawa. Haka kawai. Mutumin da ubansa ya yi tambayar haƙori da ido, shi fitila ya ƙirga. Hanifa ta sa wa baƙon suna Ɗan Duwala, kuma ba ta taɓa kiransa da murya mai daɗi ba.

Wanda Ɗan Duwala ya fara ci shi ne Muhammad Awwal, telan da ke kusa da Masallacin Koudoukou. Ya kawo hoton auren iyayensa, tilon hoton da ya rage musu, baƙi da fari, mai kauri, gefensa kamar haƙorin zarto. Hanifa ta fita alwala. Yahuza ya fizge hoton daga hannun bawan Allah ya cusa a bakin sama. Abin ya yi wani gurnani, ya haɗiye, ya tsaya, ya sake haɗiya, sannan ya tofo hoton ta ƙasa a lanƙwashe, da wani farin layi da ya ratsa fuskar ango daga kunne zuwa kunne.

"Hoton ne ya cika kauri," in ji Yahuza.

Muhammad Awwal ya daɗe yana kallon fuskar mahaifinsa a hoton. Sannan ya ce da Sango, "Ita," wato ɗan'uwa, "mahaifina ya rasu da fuskarsa a cike. Yau ka yi masa zane." Ya ɗauki hotonsa ya fita. Tun ranar ta wani layin yake bi in zai je masallaci.

Mai hankali da sai ya mayar da abin cikin kwalinsa. Yahuza sai ya yanke cewa baƙon nasa rashin kulawa ke damunsa. A ƙarƙashin tebur akwai regilato, ɗan akwatin nan da ke daidaita ƙarfin wutar lantarki, wanda ya tsare marigayin shekara goma daga haukan wutar garin nan. Ranar Litinin da yamma, Hanifa ba ta nan, Yahuza ya durƙusa, abin da ba ya yi wa aiki, ya zare wayar marigayin daga regilato ya ba Ɗan Duwala gurbin, ya cusa ta tsohon kai tsaye a bango. Bai gaya wa kowa ba. Ya bar dattijo tsirara a gaban wuta, ya lulluɓe wanda bai taɓa tsinana wa unguwar nan komai ba.

Washegari da hantsi Inna Ummuhani ta zo.

Kowa ya san Inna, mai turaren wuta a ƙofar layin. 'Yarta Ruƙayyatu tana Garwa-Bulai, can kan iyakar Kamaru, tun shekarar gudu. Motoci daban-daban suka nufa a ranar; 'yar ta samu shiga, uwar ba ta samu ba, kuma takardar haihuwar Ruƙayyatu tana jikin uwar. Yanzu Ruƙayyatu na son dawowa gida da 'ya'yanta uku, biyu daga ciki Inna ba ta taɓa ɗaukar su ba. Masu rubuta sunayen masu komawa sun ce ta kawo hoton takardar haihuwa wanda ake iya karantawa, kuma ranar Litinin mai zuwa za su rufe. An riga an ɗauka da waya sau uku an aika. Sau uku ana dawo da shi, domin salatif ɗin da ke kan hatimi yana ƙyalli, hatimin ya koma farin tabo. Masu cewa ai waya ta wadatar da kowa, su riƙe wannan su kwana da shi.

Inna ta kwance ledojinta. Ta shimfiɗa takardar, ta rufe murfin, ta ɗora hannu. Hanifa ta danna maɓalli. Kat, kat. Zuuuu. A fuskar kwamfuta takardar ta fara bayyana daga sama, layi bayan layi, tsaf, ba ƙyalli ba inuwa. Sunan Ruƙayyatu ya fito. Sunan uba ya fito. Sunan uwa ya fito, Inna ta ce, "Ni ce nan ko?" Hanifa ta ce ita ce. Saura layin da ya ce an haife ta a Bangui, da hatimin da ke ƙasa.

Sai ƙwan fitilar shago ya yi wani haske da ba nasa ba. Fanka ta ɗauki gudu kamar za ta tashi sama. Marigayin ya ce kat, sau ɗaya, a wurin da bai taɓa faɗa ba. Hasken cikinsa ya tsaya a tsakiyar gilashi, ya yi ja, ya dusashe. Wani siririn hayaƙi ya fito ta bayansa, da warin ƙonanniyar roba.

"'Yar nan," in ji Inna, hannunta na kan murfin, "ban ji tik ba."

Ba ta ɗaga hannun ba. Ta jira. Hanifa ta danna, ta sake dannawa, ta kira shi da sunansa a gaban mutane ba kunya, ta leƙa ƙarƙashin tebur, a nan ta ga wayar a bango. Ɗan Duwala kuwa yana zaune a kan regilato yana ƙyafta fitilunsa, ko atishawa bai yi ba.

A wannan lokaci, gawa ba ta huce ba, Yahuza ya buɗe baki.

"To ai ga wannan lafiyarsa lau. Inna, kawo takardar, daƙiƙa uku ne."

Inna ta dube shi, ta dubi bakin abin. "Ɗan nan, in ta shiga nan, ina hannuna zai kasance?"

"Ba a sa hannu, Inna. Da kansa yake yi."

"Na ji abin da ya yi da kansa ga uban tela." Ta ɗaga murfin, ta ninke takardarta gida takwas, ta fara mayar da ita cikin ledoji. "Takardar nan ta wuce shinge goma sha wani abu a jikina, masu bindiga ba su gan ta ba. Ba zan ba akwatin da ba shi da kunya ya tauna min 'ya ba."

Ranar Laraba mai gyara ya zo, ya kwance bayan marigayin, ya shinshina, ya ce a yi haƙuri. Hanifa ta rufe shago ta zaga unguwa tana neman wani mai gilashi. Ta samu biyu matattu, ɗaya an mai da shi teburin shayi. Ta samu na uku da gilashi duk ƙarzuwa. Sauran shaguna ko dai waya suke ɗagawa sama kamar masu roƙon ruwa, ko sun bi sahun Yahuza. A cikin gari akwai masu gilashi, amma can karɓar takarda ake a shige da ita bayan kanta, mai ita na tsaye a waje, kuma wannan Inna ba za ta yi ba ko ana ba ta garin kyauta.

Marigayin ya rasu ya bar kwamfuta, wadda har yanzu take riƙe da rabin takardar nan a fuskarta, Hanifa ta hana a rufe. Ya bar maƙwabciyarsa firinta, wadda tun ranar take fitar da baƙi a dishe. Ya bar waya ɗaya, murfi ɗaya, da dubban sunaye a cikin ma'ajiya, na masu rai da na matattu, da na waɗanda ba a san inda suke ba. Bai bar Ɗan Duwala a cikin dangi ba. Duk wanda ya kira shi magaji ya nemi gafara.

Ya kuma bar ɗan'uwa guda, tagwayensa, a unguwar Miskine, a shagon Papa Selestin, tsohon abokin Alhaji, wanda ya ɗauki nasa a rumfa ɗaya rana ɗaya. Hanifa ta kira shi a waya. Ya ce nasa yana nan da rai, yana tari yana nishi, kuma a shagonsa ma tsofaffi hannu suke ɗorawa, ba sai an yi masa bayani ba. Da ta faɗi sunan mai takardar sai ya ce, "Mama Ummuhani? Ai a gabana aka yi sunan yarinyar nan."

A nan gizo yake... a'a, a nan abin ya tsaya. Inna ta yi shekara talatin a Miskine. Shagon Papa Selestin yana kan layin gidanta, gida huɗu tsakani. Tun safiyar da ta fito da zane ɗaya da leda a ƙirji ba ta sake taka unguwar ba, ko da yake mai moto, wato ɗan babur, ba ya minti goma kafin ya isa. Ba ta san wa ke cikin gidan ba. Ba ta san ko gidan yana tsaye ba, kuma ta hana kowa ya gaya mata.

"Inna, ki ba ni in kai," in ji Hanifa. "Kafin azahar na dawo miki da ita. Ni zan ɗora hannun."

"Na yarda da ke, jikata. Amma ko uwar da ta haife ni ce ta fito daga kabari ta ce in ba ta, ba zan ba ta ba."

Game da jana'iza, ga abin da iyali suka tsayar. Ba za a yi salla ba, marigayin roba ne da gilashi, mun san iyakarmu. Ana karɓar gaisuwa a shago daga hantsi zuwa la'asar. Masu zuwa su ce ai inji ne kawai, su huta a gidajensu. Masu zuwa da shawarar sabon sikana su zo da tsohuwar takarda mai salatif a hannu, a gwada a gabansu, in ba haka ba kada su ɓata bakinsu. Yahuza yana da izinin halarta, a tsaye, daga waje. An mayar da Ɗan Duwala cikin kwalinsa, an juya fuskar matar nan mai murmushi ta kalli bango.

Za a naɗe gawar a cikin atamfa, a ɗauke ta gobe Asabar da ƙarfe tara na safe daga ƙofar shago zuwa Miskine, inda Papa Selestin zai cire abin da ɗan'uwan zai amfana da shi. Da farko moto ɗaya aka tanada, Hanifa da gawa.

Jiya Alhamis da la'asar Inna Ummuhani ta zo gaisuwa. Ta zauna a kan benci tana kallon rabin takardar 'yarta a fuskar kwamfuta. Daga bakin ƙofa Yahuza ya leƙo ya ce, cikin muryar mai lallashi, kwana huɗu fa suka rage, in aka ɓare salatif ɗin a hankali abin nasa zai iya. Ba wanda ya juya. Inna ta tambayi Hanifa wane layi ne bai fito ba, Hanifa ta ce wanda ya faɗi inda aka haife ta. Inna ta gyaɗa kai. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta gyara mayafi, ta dafa ƙirjinta inda ledar take, sannan ta ɗaga murya yadda har 'yan atamfa suka ji:

"A nemo moto biyu. Ni ma zan raka gawa. Ki gaya wa Selestin ya goge gilashinsa, Ummuhani na zuwa Miskine."